Mutanen Tudu a Bakin Teku

Daga shataletalen Nima zuwa bakin teku bai wuce kilomita biyar ko shida ba. Mai ƙarfin ƙafa zai taka shi cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, mai kuɗin trotro kuwa ko rabin haka ba zai yi ba in hanya ta yi kyau. Amma mai karatu, je ka ƙofar masallaci a Nima ko Maamobi bayan La'asar, ka tambayi dattawan da ke zaune wa ya iya iyo, za ka sha dariya kafin ka sami amsa. Wani zai ce maka shi ba kifi ba ne. Wani zai ce ruwa ba sa'ar kwando ba ne, wani kuma ya tuna maka cewa ruwa na da mutanensa. Mun kwana fiye da shekara ɗari da arba'in a Ankara, muna jin ƙamshin gishirin teku duk lokacin da iska ta juyo, amma mun zauna kamar har yanzu muna Katsina. (Ankara ta Gana nake nufi, wato Accra, ba ta ƙasar Turkiyya ba. Haka kakanninmu suka kira garin, haka muka gada.)

Wannan nisa tsakaninmu da ruwa yana da tarihi, kuma ina ganin sai an bi tarihin kafin a fahimci dalilin da ya sa mutum mai shekara hamsin a Zango, wanda gwiwa ta fara ba shi wahala, yake gwada kowane irin magani ban da wanda ke kwance a gabansa.

Kakanninmu fatake ne. Hanyar Gwanja ce ta kawo su, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna ɗauke da kanwa da tufafin saƙi da fatu daga Kano da Katsina da Sakkwato, suna komawa da goro daga kasuwar Salaga. Tafiyar wata biyu zuwa uku ce kowane zuwa, ta Borgu, ta Jugu, ta Sansanin Mango da Yendi. Bature Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama cikin 1826, ya ƙiyasta mutane sun kai dubu, maza da mata, ga dabbobin kaya kusan yawan mutanen. Duk wannan taro sai ya haye Kwara, kuma ba da iyo yake hayewa ba. Madugu ne zai yi ciniki da masu fito, a biya kuɗin jirgi, a loda kaya, a ja jakai. Wanda zai wuce Salaga ya nufi Kumasi kuma sai ya sake biyan fito a Yeji kafin ya haye kogin Volta. A idon falke, ruwa wuri ne na biyan kuɗi da asarar kaya da jiran kwanaki. Sana'ar wasu ce, shi nasa ya kai wancan ƙetaren da buhunsa a bushe.

Kada wani ya ɗauka ina cewa Bahaushe bai san ruwa ba. Akwai Kabawa, akwai Sarkawa, akwai sarautar Sarkin Ruwa a garuruwa da dama. Wanda ya taɓa ganin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a tsarinsa na yanzu cikin 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya san abin da ake kira kabanci: tseren kwalekwale, gasar nutso, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu. Mutanen nan in sun shiga Matan Fada sai ka rantse a ciki aka haife su. Yaran birnin Kano ma sun sha duka a kan kududdufi. Sai dai a tsarin Hausa iyo na masu sana'a ne da na yara. Da zarar namiji ya yi aure ya sa babbar riga, to ya yi sallama da shi, sai in shi ɗan masunta ne. Kuma waɗanda suka kafa zangunan Gana ba masunta ba ne. Malamai ne da 'yan kasuwa da mahauta da sojoji.

Sojojin su ne na Glover, waɗanda Ingila ta kawo daga Ikko don yaƙin Tonawa na 1873 zuwa 1874. Bayan an ci Kumasi hanyar kudu ta buɗe, a 1877 Turawa suka ɗauke hedikwatarsu daga Cape Coast suka dawo Ankara, sai kasuwa ta bi mulki. Wajen 1881 Malam Idrisu Naino, mutumin Katsina, ya sami wuri ya kafa Zangon Malam a tsakiyar gari, inda ake kira Zongo Lane a yau. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa mutanen wannan kasuwa, wasu suka yi Kete Krachi inda Alhaji Umaru ya zauna, wasu Kumasi, wasu suka gangaro bakin teku. Ɗan Malam Naino, Malam Baƙo, shi ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango wajen 1912.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne irin maƙwabtan da suka tarar. Zangon Malam jifa kaɗan ne daga Ussher Town da James Town, gidan Ga, mutanen da teku ce gonarsu, har suna da ranar Talata da ba a shiga kamun kifi don a bar ta ta huta. Turawan farko da suka zo wannan gaɓa sun rubuta mamakinsu a kan yadda mutanenta ke iyo. Pieter de Marees, mutumin Holan, ya yi bayaninsa a littafinsa na 1602, ya ce yara maza da mata suna wuni cikin ruwa. A 1834 wani hafsan Ingila, James Alexander, ya ga yaran Ankara suna kwanciya a kan allunan katako suna hawan igiyar ruwa tana kawo su gaɓa. Wani masanin tarihi ɗan Amurka, Kevin Dawson, ya tattara irin waɗannan shaidu a littafin da ya fitar a 2018, ya nuna cewa a zamanin da yawancin matuƙan jiragen Turawa ba su iya iyo ba, mutanen gaɓar Afirka ta Yamma suna yin salon sara ruwa da hannu ɗaya bayan ɗaya, wanda Turai ba ta karɓa a gasanninta ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Saboda haka duk wanda ya ce maka baƙar fata ƙashinsa nauyi gare shi, ba ya iya iyo, ka ce masa ya je Chorkor ya kalli yara.

Har zuwa 1962 da aka buɗe tashar Tema, Ankara ba ta da wurin da babban jirgi zai matso gaɓa. Jirage can nesa suke tsayawa, sai manyan kwalekwale su ratsa igiyar ruwa da buhunan koko su kai musu, su dawo da kayan Turai. A nan ma rabon aiki ya fito fili. Ga da Fante ke tuƙi, 'yan arewa ke dako, suna sauke buhu a bakin kwalekwale su juya. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi wannan aiki yana saurayi. Ya ce ruwa bai taɓa wuce masa ƙugu ba, kuma in ya wuce gwiwa ma addu'a yake yi. Hatta waɗanda suka zo da sanin ruwa daga gida sai gari ya mai da su 'yan tudu. A fim ɗin Jaguar na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 a kan samarin Nijar masu zuwa cin rani, ɗaya daga cikin ukun, Illo, masunci ne daga bakin Kwara, amma da ya iso Ankara lebura ya zama a tashar jirgin.

Nima kuwa daga baya ta zo. A 1931 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya karɓi fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu, a wajen gari, wurin kiwo. Har yau akwai unguwar da ake kira Ruga. Yaƙin duniya na biyu ne ya cika ta: sansanin sojan Amurka kusa da filin jirgin sama da gidajen Turawa na Cantonments suna neman kuku da mai gadi da mai wanki, bayan yaƙi kuma sojojin da aka sallama suka zo suka ƙara. Da yake wurin yana wajen iyakar hukumar gari har farkon shekarun 1950, babu wanda ya auna titi ko ya ware fili. Kowa ya gina inda ya samu, ɗaki na jingine da ɗaki, lungu ya zama hanya. Maamobi ta tashi a gefe da irin wannan tsari. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969 ta ƙara koya wa mutane cewa kada su saki jiki da wurin. Unguwar da ke layin bokiti a bakin famfo tun asuba, wa zai yi mata maganar tafkin ninkaya? Tafkunan da ke garin na kulob ɗin Turawa ne da otal-otal da barikin soja. Ɗan Zango yana shiga irin waɗannan wurare, amma da tsintsiya ko da tire a hannu.

Ruwan da mu muka sani muna yara shi ne babban kwatamin da ya raba Nima da Maamobi. Da rani wari ne da leda, da damina kuwa kogi ne mai gudu, yana kwasar duk abin da ya samu ya kai Odaw, Odaw ta kai Korle, Korle ta zubar a teku. Babu uwar da ba ta yi wa ɗanta kashedi a kansa ba, kuma tana da gaskiya. Kowace unguwa tana da labarin yaron da ya bi ƙwallo ko takalmi bai dawo ba. Daren 3 ga Yuni 2015, da ruwan sama ya haɗu da gobarar gidan mai a Circle, mutum fiye da 150 suka rasu, kuma ruwan da ya taru a wurin har da wanda ya gangaro daga kwatamin namu. Ba na cewa iyo zai ceci mutum daga wuta ko daga irin wannan ambaliya. Ina nuna irin fuskar da ruwa ya saba nuna mana ne. Sau biyu a shekara kawai muke zuwa wurinsa da kanmu, washegarin Sallah, lokacin da samari da 'yan mata ke cika motoci su nufi Labadi da sauran bakin teku. Yaran da ba su taɓa koyon riƙe numfashi ba su ne ke shiga igiyar da ko ɗan masunta yana ganin girmanta, kuma akwai shekarun da murnar ke ƙarewa da zaman makoki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma yankin Afirka na kan gaba in aka auna da yawan jama'a.

Ƙarfin jikin Zango sai ya tafi inda akwai hanya. Ƙwallo ba ta buƙatar komai sai fili da duwatsu biyu, shi ya sa filin Kawo Kuɗi ya zama makarantarmu. Nima ta ba Gana Mohammed Polo, wanda ke cikin 'yan wasan da suka ci kofin Afirka a 1978, ta kuma ba ta Mohammed Kudus, wanda ya fara a Strong Tower ya bi ta Right to Dream har Ajax da West Ham. Bukom ta ɗauki dambe ta fitar da su Azumah Nelson. Mu ma akwai masu ɗaga ƙarfe a lunguna, da ƙarafan mota da gwangwanin siminti. Da aka kafa Asusun Raya Zango a 2017, abin da aka fi gani a fannin wasa shi ne filayen ƙwallo masu ciyawar roba. Ban ga laifin wannan ba, abin da matasa suka roƙa ke nan. Amma duk waɗannan wasanni ne na mai shekara goma sha biyar zuwa talatin da biyar. Bayan nan fa?

Bayan nan sai zama. Namiji ya koma benci a majalisar shayi, ataya kofi uku da sukari kamar za a yi alewa, waakye da safe, tuwon zafi da dare, tsire in an samu. Mace ta zauna bakin tukunya ko bakin tebur daga asuba zuwa Isha'i, in jiki ya buɗe a ce Hajiya ta samu hutu, in ta rame a ce mijinta ba ya kula da ita. Tumbi ya zama shaidar arziki. Sakamakon yana nan a layin masu awon jini da sukari kowace safiya a asibitoci, yana nan kuma a masallatai. Lokacin da nake yaro, in ka ga mutum yana salla a zaune, to tsoho ne tukuf ko marar lafiya. Yanzu je ka duba sahun baya da gefen bango ranar Juma'a, kujerun roba ne jere, kuma da yawa daga masu zama a kansu sa'o'ina ne, ba su kai sittin ba. Mutum yana son ya sa goshinsa a ƙasa, gwiwa ta hana. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk maganar, fiye da lambar yabo ko tutar ƙasa.

Gaskiya ne akwai ƙungiyoyin motsa jiki da ake kira Keep Fit, kuma sun yi aiki. Ranar Lahadi da sassafe za ka gan su cikin riguna iri ɗaya, suna sassarfa da waƙa da tafi a kan titin Nima, wasu har su ɗauki mota zuwa Ayi Mensah su taka hawan dutsen Aburi zuwa Peduase. Sun zama ƙungiyoyin zumunci, suna zuwa suna da biki da jana'iza, kuma sun sa matan aure da yawa sun fito da takalmin gudu ba tare da an yi musu surutu ba. (Abin da ake ci bayan an dawo kuwa, wani lokacin ya ninka abin da aka ƙona, amma bari in bar wannan.) Matsalar ita ce kwalta ba ta da tausayi. Mai nauyin kilo ɗari da gwiwar da ta riga ta cinye, in ya yi gudu a kanta mako uku, na huɗu yana gida da man zafi. Waɗanda suka fi bukatar motsin su ne gudun ke fara kora.

A nan ruwa ya bambanta. In mutum ya tsaya ruwa ya kai masa wuya, kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ya sauka daga kan ƙafafunsa. Zuciya da huhu suna aiki, kafaɗa da baya da cinya suna aiki, amma babu dukan da gaɓa ke sha a kowane taku. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma ga mai ciwon gwiwa ruwa na cikin 'yan wuraren da zai cika wannan ba tare da ya biya da ciwo ba. Iyo ba ya ƙarfafa ƙashi kamar yadda tafiya ke yi, don haka ba a yar da tafiya saboda shi, kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya sai ya ga likita tukuna.

Ni likita ce ta tura ni, ina da shekara hamsin da biyu. Wani yaro ɗan Ga, sa'ar ɗana na biyu, shi ya koya mini, yana ce mini Alhaji yana riƙe da haɓata kamar jariri. Wata guda na yi ina koyon fitar da numfashi a cikin ruwa kawai. Ranar da na fara kai bango zuwa bango, mita ashirin da biyar, na fito ina haki kamar wanda kare ya koro. Bayan shekara ɗaya na ajiye kujerar masallaci. Ba zan ce wa kowa haka zai faru da shi ba, jiki ya bambanta, amma abin da ya faru da ni ke nan.

Abin da ya riƙe ni a ruwan kuwa ba likita ba ce, agogo ne. Mutum yana gajiya da magani, amma ba ya gajiya da son ya wuce abokinsa. Wani likitan sojan ruwan Amurka, Ransom Arthur, ya gane haka tun shekarun 1960. Ya ga masu iyo suna barin ruwa da zarar sun gama jami'a, ya yi ta matsa wa hukumomin wasa cewa a shirya wa manya gasa tasu. Da taimakon wani koci, John Spannuth, aka yi ta farko a garin Amarillo na jihar Texas a watan Mayun 1970, da mutum 46. Wannan shi ne asalin abin da ake kira gasar Mastas, wato gasar manya. A 1986 aka yi ta duniya ta farko a Tokyo ƙarƙashin hukumar FINA, wadda ta sauya suna zuwa World Aquatics a ƙarshen 2022. Hikimar tsarin tana cikin rabon shekaru. Ana farawa daga 25, ana raba mutane rukuni-rukuni na shekara biyar biyar: 50 zuwa 54, 55 zuwa 59, haka har sama da 90. Ba za a haɗa ka da ɗanka ba, da sa'arka za ka kara. Kuma duk shekara biyar kana shiga sabon rukuni a matsayin ƙaramin cikinsu, shi ya sa za ka ga mai 59 yana ɗokin cika 60, abin da ban taɓa gani ba a wani fanni na rayuwa.

Wata 'yar Japan, Mieko Nagaoka, ta fara shiga ruwa tana da shekara 80 saboda ciwon gwiwa. A watan Afrilun 2015, tana da shekara 100, ta yi iyon mita 1,500 a rigingine cikin awa ɗaya da kusan minti goma sha shida. Ta rasu a 2021 tana da 106. In wani ya ce wannan Japan ce, to mu dawo kusa. A Senegal, ƙasar Musulmi, ƙasar ataya irin tamu, tun 1985 ake yin gasar ƙetare teku daga Dakar zuwa tsibirin Gore, fiye da kilomita huɗu, kuma ba 'yan wasan ƙasa kaɗai ke shiga ba, har da ma'aikata da masu furfura. A Afirka ta Kudu akwai ta Midmar tun 1974, inda dubban mutane ke shiga, jika da kaka a ruwa ɗaya.

Gana ta makara a wannan fanni, duk da tarihin gaɓarta. Sai a Rio a 2016 ta fara tura masu iyo gasar Olamfik, Abeiku Jackson yana da shekara 16 da Kaya Forson tana da 14. A ƙarshen wannan shekarar aka buɗe rukunin wasanni na Trust Sports Emporium a Bukom, da tafki irin na gasa, inda aka yi gasar ninkaya ta Afirka a Oktoban 2021. Sai wasannin Afirka na 13 a Maris 2024, da aka gina sabuwar cibiyar ruwa a Borteyman, inda Jackson ya ci azurfa a mita 50 na salon da Turawa suka sa wa sunan malam-buɗe-littafi. Akwai kuma tafkin jami'a a Legon da na kulob ɗin Tesano. Wato yanzu a garin akwai ruwa mai tsabta, mai layi, mai agogo, wanda ba na otal ba. Amma in ka duba sunayen yaran da ke cin gasannin, yawancinsu daga makarantun kuɗi suke, kuma shirye-shiryen duk na yara ne. Dattijo in ya zo, ana ɗauka jikansa ya rako.

Akwai abubuwa uku da ake faɗa mini duk lokacin da na ɗauko maganar a majalisa. Na farko kuɗi da nisa, kuma wannan gaskiya ne: kuɗin shiga sau uku a mako da kuɗin mota ya fi ƙarfin mai ƙaramin shago, Borteyman kuwa tafiya ce. Amma ƙungiyar da ke iya ɗinka wa mutum hamsin riga iri ɗaya ta ɗauki bas zuwa Aburi tana iya yin cinikin awa biyu na safiyar Lahadi a tafki, kan farashin taro. Na biyu girma. Alhaji guda ya tuɓe a gaban yara? Wannan ya fi na farko wuyar magani, don ba a aljihu yake ba. Abin da nake cewa shi ne wando mai rufe cibiya zuwa gwiwa da riga mai kama jiki suna nan a kasuwa, kuma malamanmu da kansu suna kawo maganar da aka jingina wa Sayyidina Umar a kan koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. Mun riƙe ta a wa'azi, ba mu taɓa tambayar wa zai koyar ba in iyayen ba su iya ba.

Na uku shi ne mata, kuma a nan ne na fi jin zafi, domin su suka fi mu ciwon gwiwa da ƙugu. Yayata ta yi shekara talatin tana sayar da koko da ƙosai, yanzu hawa matakala uku sai an riƙe ta. Da na ce mata ruwa, sai ta ce, "Kai dai ba ka da kunya, ƙanena. In shiga wanka maza na kallo?" Tana da hujja. Kayan iyo masu rufe jiki duka sun daɗe da samuwa, wata 'yar Ostareliya mai asalin Labanan, Aheda Zanetti, ta fitar da nata tun 2004, amma tufafi kaɗai ba su isa ba. Abin da zai fito da irin su Yaya shi ne lokaci na mata zalla, mai koyarwa mace, mai ceto mace, ƙofa a rufe. Ana yin haka a biranen Ingila inda Musulmi ke da yawa, kuma ba ya bukatar sabon gini, sai dai wanda zai je ya zauna da masu tafkin ya yi magana da yawun mata ɗari. Magajiyoyin Zango da ke iya tara gudummawar biki cikin kwana biyu ba za su kasa wannan ba in sun ga amfaninsa. Ba sai sun fara da iyo ba ma. Tafiya a cikin ruwa iya ƙirji ta isa wata shida na farko.

Mu huɗu ne yanzu daga Nima da Maamobi da ke haɗuwa da safe sau biyu a mako: ni, da wani tela, da direban babbar mota da ya yi ritaya, da wani malamin makaranta wanda shi ya tashi a bakin tafkin Volta, ya fi mu duka. A dokar gasar manya, in za a yi tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu, ba a duba shekarun kowa shi kaɗai, haɗa su ake yi: 160 zuwa 199, 200 zuwa 239, 240 zuwa 279. Telan ne ya zauna da biro ya yi lissafi, namu ya kama 231. Ya ce nan da shekara uku za mu haye rukuni na gaba mu zama yara a cikinsa, in Allah ya kai mu, in kuma direban ya koyi juyawa a bango ba tare da ya sha ruwa ba.